Daga Babbar Kasuwa zuwa Kwannawa: littafin aikin haɗa kwamfutoci biyu da VPN

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Aikin da ke gabana shi ne haɗa kwamfutar shagon Kawu da ke Babbar Kasuwar Sakkwato da ta sitonsa da ke Kwannawa, kan hanyar Gusau, kafin damina ta faɗi. Taki yake sayarwa, da iri, da maganin feshi. Manhajar lissafin kaya tana cikin kwamfutar shago kaɗai. Wani matashi ne ya rubuta masa ita, ta burauza ake buɗe ta, kuma duk buhun da ya shiga ko ya fita a nan ake rubuta shi. Tirela kuwa a Kwannawa take sauke kaya. Yadda ake yi yanzu, mai kula da sito ya rubuta a littafi, ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp, yaron shago ya sake bugawa in ya samu sarari. In ciniki ya ɗau zafi sai a kwana ba a buga ba. Manhaja ta ce akwai yuriya, a karɓi kuɗin manomi, ya je sito da motar haya a ce masa ai ta ƙare tun jiya.

Abin da ake so bai da yawa: mai sito ya buɗe manhajar daga inda yake, ya shigar da kaya da hannunsa, ba tare da an baje lissafin Kawu a intanet kowa ya gani ba. Aikin VPN ke nan. Hanya ce keɓaɓɓiya da ake shimfiɗawa a cikin intanet ɗin kowa da kowa, abin da ya fita daga wannan kwamfuta a kulle yake tafiya, ba ya buɗuwa sai a hannun mai makulli.

Da mai sito ya ji na ambaci VPN sai ya yi dariya, ya ce ai ya san ta, ita suka sa a waya lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Fasahar ɗaya ce, manufar ce daban. Waccan tana kwashe duk abin da kake yi a waya ta fitar da shi ta wata ƙasa don a zaci can kake zaune. Tamu ba ruwanta da wata ƙasa. Kwamfuta biyu za ta haɗa, sauran harka kowa ya bi hanyarsa ta kullum.

WireGuard na zaɓa. Akwai tsohuwar hanya a cikin Windows, PPTP, wadda har gobe wasu masu gyara ke sa wa mutane saboda sauƙinta, alhali tun 2012 aka nuna a fili yadda ake fasa kalmar sirrinta, kamfanin Apple ma ya cire ta daga wayoyinsa a 2016. OpenVPN, wadda ta fito tun 2001, ba ta da laifi, sai dai takardun shaidarta da tulin saitinta sun yi wa aikin kwamfuta biyu yawa. WireGuard kuwa, wadda Jason Donenfeld ya rubuta, an shigar da ita cikin Linux kansa, wato takwaran Windows na kyauta, a Maris ɗin 2020, kuma saitinta gaba ɗaya bai cika rabin shafi ba. Wannan ne ya fi jan hankalina, domin in na yi tafiya wani ne zai gaji aikin, ina so ya iya karanta shi a zama ɗaya.

Talata, 8 ga Afrilu

Tsarin da kusan duk masu koyarwa a intanet ke bayarwa shi ne: kwamfuta ɗaya ta zauna tana saurare a ƙofa mai lamba 51820 (kowane irin saƙo da lambar ƙofar da yake shiga kwamfuta ta cikinta), a buɗe wannan ƙofa a rawuta, na'urar da ke raba wa kwamfutoci intanet, ɗayar ta kira ta. Waɗanda suka rubuta haka layi ne ke shiga gidajensu da adireshinsa na kansa. Mu a nan sim muke sawa a rawuta, kuma wannan ya canza komai.

Na shiga shafin rawutar shago ta 192.168.8.1 na duba adireshin da kamfanin layi ya ba ta. Da 100 ya fara. Na buɗe ɗaya daga cikin shafukan nan da ke gaya maka adireshin da duniya ke ganin ka da shi, sai ga wata lamba daban gaba ɗaya. Da yamma a Kwannawa, da layin wani kamfanin, labarin bai canza ba, illa dai can da 10 ya fara. Duk wanda ya ga waɗannan lambobi biyu sun saɓa, ya haƙura da batun buɗe ƙofa a rawuta. Ko zai kwana yana latsawa ba za ta yi ba, kuma ba laifin rawutar ba ne.

Ga dalili. Adireshin tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne kacal a duniya, kuma babban rumbun da ake rabawa daga cikinsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Kamfanin da ke da masu layi miliyoyi ba shi da adireshin da zai ba kowa nasa. Sai ya tara jama'a da yawa a bayan adireshi ɗaya, ya ba kowa lambar cikin gida. Lambobin da suka kama daga 100.64 zuwa 100.127 ma don wannan aikin aka ware su a 2012. CGNAT ake ce wa tsarin. Kamar babban gidan haya ne mai ƙofa ɗaya da maigadi. In ka aiki yaro daga ciki, maigadi ya ga fitarsa, zai bar shi ya dawo da saƙo. Amma baƙon da ya zo haka nan ba wanda ya aika a kira shi, bakin ƙofa zai tsaya, domin maigadi bai ma san ɗakin da zai nuna masa ba. Kwamfutocinmu kowace na cikin nata gidan hayar. Kowace na iya fita, ba wadda ake iya shiga wurinta.

Wani abu kuma da na rubuta don gaba: rawutocin biyu duk lambobin 192.168.8 suke raba wa na'urorin da ke kansu. Da za a ce duk na'urorin shago za a haɗa da duk na sito, sai an sake wa ɗaya lamba, in ba haka ba adireshi ya ci karo da ɗan'uwansa. Tunda kwamfuta biyu kawai muke so, zan ba su lambobinsu na cikin hanyar, in bar rawutoci yadda suke.

Wani maƙwabcin shago ya ce a sayi Starlink mana a huta, tunda ta shigo Nijeriya tun Janairun 2023. Ita ma a tsarinta na gida bayan CGNAT take ajiye mutum. A kashe kuɗi a dawo inda aka tashi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan La'asar, da ciniki ya lafa, na yi wa Kawu bayani.

"To Injiniya, mi ah hana su yi magana kai tsaye? Ba gari guda suke ba?"

Na ce, "Gari guda suke, Kawu, amma ba wadda ake iya ƙwanƙwasa ma ƙofa. Sai an samu ta uku mai tsayayyen adireshi, su duka biyun su riƙa zuwa wurinta, ita ta miƙa saƙon wannan ga waccan."

"Ita ta ukun, kuɗɗinta nawa? Kak ka haɗa ni da dala dai."

Wannan magana tasa ta yanke rabin shawara. Akwai Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard ɗin nan. Dabararta ita ce ta sa kwamfutocin biyu su aika saƙo waje a lokaci guda, kowace zuwa ga ɗayar, ta yadda na'urar kowane kamfani za ta ɗauka amsa ce ke dawowa ta bari ta wuce. In dabarar ta ƙi, sai ta bi da su ta nata tashoshin. Gaskiya tsakani da Allah, wanda ke son haɗa laftof ɗinsa da kwamfutar gidansa, ita zan ce ya sa ya huta. Amma tsarinta na kyauta na amfanin kai ne, na kasuwanci da dala ake biya, kuma shigarta a rataye take da asusun Google ko makamancinsa. Ranar da mai asusun ya bar aiki ko ya ɓatar da wayarsa, an shiga wani zance.

Saboda haka hayar ƙaramar saba za mu yi, wato kwamfutar wani kamfani mai tsayayyen adireshi da za ta zama ta ukun, a Legas, a biya da naira wata-wata. Na Turai sun fi yawa, wasunsu sun fi araha, amma ban manta da 14 ga Maris, 2024 ba, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya durƙushe a Afirka ta Yamma. Ba hikima ba ne lissafin buhun taki tsakanin unguwanni biyu na Sakkwato ya dogara da wayar da ke ƙarƙashin teku. Ko a haka ma abin da ban dariya: saƙon da zai je Kwannawa, inda ɗan kabu-kabu ke kai ka ya dawo kafin shayi ya huce, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Legas ya juyo. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Wanga zamani! To, a yi."

Litinin, 14 ga Afrilu

An buɗe saba, mai Ubuntu, wani nau'in Linux, mafi ƙanƙanta a jerin kamfanin, domin aikin bai buƙatar ƙarfi. Yau ranar makullai ce.

A WireGuard babu sunan shiga, babu kalmar sirri. Kowace na'ura na da makulli biyu. Na sirri, wanda ba ya barin cikinta har abada, da na fili, wanda ake cirowa daga na sirrin a ba abokin magana. Daga na fili ba a iya komawa a gano na sirri. Kowanne jerin haruffa 44 ne. A saba da wg genkey da wg pubkey ake yin su. A Windows kuwa, da ka ce manhajar ta buɗe maka sabuwar hanya fanko, da kanta take ƙera su. Mai sito ya ce bari ya ɗauki hoton allon ya turo mini ta WhatsApp kada in sha rana. Na ce a'a. A wannan tagar makullin fili na sama, na sirri na ƙasa da shi kaɗan, hoto ɗaya zai kwashe su duka, ya zauna a wayarsa da tawa da duk inda hotunanmu ke kwana. Layin sama kaɗai ya kwafo ya turo a rubuce.

Lambobin cikin hanya: saba 10.20.0.1, shago 10.20.0.2, sito 10.20.0.3.

Layin da ya fi kowane cancantar a tsaya a kansa shi ne AllowedIPs, domin aiki biyu yake yi da suna ɗaya. Wajen fita, shi ke cewa saƙon da za shi adireshi kaza ya shiga ɓoyayyar hanya, saura su bi ta kullum. Wajen shigowa, shi ke cewa mai wannan makulli da wannan adireshi kaɗai aka san shi, in ya zo da wani a watsar. Yawancin misalan da ke yawo 0.0.0.0/0 suke rubutawa, ma'ana komai da komai ya bi ta hanyar. Wannan na masu son ɓoye ƙasarsu ne. Da mun kwafa, da duk bidiyon da yaron shago zai kalla da duk sabuntawar da Windows zai sauke sai sun zaga ta sabarmu. Na rubuta wa kowace kwamfuta adireshin saba da na 'yar'uwarta kawai. A saba kuma kowane makulli an ɗaure shi da lamba ɗaya tak, wato 10.20.0.2/32 ga shago, 10.20.0.3/32 ga sito, ta yadda sito ba zai iya shigowa da rigar shago ba.

Sai PersistentKeepalive, wanda na sa 25. WireGuard ba ta da surutu, in ba abin aikawa shiru take yi. Na'urar kamfanin layi kuwa in ta ji shiru na ɗan lokaci sai ta manta da kai, daga nan saba ba ta da hanyar isa ga shago. Wannan layi shi ke sa kwamfuta ta yi ɗan gyaran murya duk bayan daƙiƙa 25 don kada a manta da ita. A wurinmu dole ne, musamman ga shago, tunda shi ake nema.

A saba na kunna net.ipv4.ip_forward, domin Linux ba ya miƙa saƙon wani ga wani sai an ba shi izini.

Akwai wata gaskiya da ya kamata ta shiga littafin nan tun yanzu. A wannan tsari saƙo na tashi daga sito a kulle, ya isa saba ta buɗe shi, ta sake kulle shi da makullin shago ta tura. Kamfanonin layi ba sa ganin komai, amma duk wanda ya mallaki sabar yana iya gani. A wannan fanni Tailscale ta fi mu, domin tashoshinta ba sa buɗe abin da ke ratsa su. Don haka tsaron sabar ba ƙaramin abu ba ne. Na hana shiga da kalmar sirri, sai da makulli.

Laraba, 16 ga Afrilu

Duka biyun sun gaisa da saba, umarnin wg show, mai nuna halin da hanya ke ciki, ya nuna lokacin gaisuwar kowace. Daga sito ping, ɗan saƙon gwaji da ake aikawa a ga ko za a amsa, na isa 10.20.0.1, amma 10.20.0.2 shiru. Katangar tsaron Windows ce: sabuwar hanyar ta ɗauke ta a matsayin ta bainar jama'a, ta toshe duk mai shigowa. Shawarar da ake yawan bayarwa a nan ita ce a kashe katangar gaba ɗaya. Ban yi ba, kwamfutar da kowa ke soka wa filash ba a raba ta da katanga. Na rubuta doka ɗaya: a buɗe ƙofa ta 80, wadda burauza ke bi, ga 10.20.0.3 kaɗai. Wata kuma ta bar ping daga cikin hanyar. A sabar ma sai da na gaya wa tata katangar, ufw, ta bar abin da ya shigo ta wg0, sunan hanyar tamu a saba, ya fita ta wg0, domin asalinta toshewa take.

Shafin shiga manhaja ya buɗe a Kwannawa kafin Magariba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mai sito ya kira da safe: yana shiga, yana ganin sunansa a sama, amma da ya danna jerin kaya sai alamar nan ta yi ta juyawa har ya gaji. Na je na gani da idona. Ƙananan shafuka na buɗewa nan take, ping lafiya lau, dogon shafi kuwa ko rabi ba ya zuwa. Duk wanda ya ga haka zai ce sabis ne ba ƙarfi, amma a wannan laftof ɗin bidiyo na tafiya ba tangarɗa.

Girman ƙunshi ne. Bayani a intanet gunduwa-gunduwa yake tafiya, kuma kowace hanya na da iyakar girman da take ɗauka, abin da ake kira MTU. A layi na yau da kullum bayit 1,500 ne. WireGuard na naɗe kowane ƙunshi da nata mayafin, har bayit 80, shi ya sa ta saba ajiye kanta a 1,420. Amma layin sim shi ma yana da nasa naɗe-naɗen a ciki, sau da yawa bai kai 1,500 ɗin ba. Ƙaramin saƙo sai ya wuce, cikakken ƙunshi ya maƙale a hanya, kuma ba lallai wani ya dawo ya ce maka ya maƙale ba.

Gwajin mai sauƙi ne. A Windows ana rubuta ping da -f, wanda ke hana a datsa ƙunshin, da -l, wanda ke faɗin girmansa. Na fara daga 1392, domin da ƙarin bayit 28 na kanun saƙo shi ne ke cika 1,420. Shiru. Na yi ta ragewa har amsa ta fara dawowa. Ban tsaya neman iyakar daidai ba, domin gobe ana iya canza sim iyakar ta canza. Na rubuta MTU = 1280 a na'urorin uku. Ana asarar ɗan sauri da ba wanda zai lura da shi a lissafin taki. Jerin kaya ya zubo gaba ɗaya, daga NPK har zuwa irin albasa.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Tirelar farko da aka shigar daga Kwannawa kai tsaye. Yaron shago ya ga adadin ya hau a gabansa tun ’yan dako ba su gama wanke hannu ba.

Kawu ya tambayi data, kuma yana da gaskiya, tunda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Na yi masa lissafi a bayan rasit. Ɗan gyaran muryar nan bayit 60 ne da kanunsa, sau 3,456 a yini in kwamfuta ba ta mutu ba. A haɗa da sabunta gaisuwa da ake yi kusan duk minti biyu, duka bai kai megabayit 20 a wata ba. Hotunan littafi da ake turowa da sun fi haka ci.

Asabar, 3 ga Mayu

Jiya da rana hanya ta mutu, kuma wannan ce matsalar da ta fi ba ni sha'awa tun da aka fara.

Zafin bana ba sauƙi, fanka da firij suka haɗu suka fi ƙarfin inbatar shago ta yanke. Aka tayar da ita, kwamfuta ta tashi, intanet na aiki, WireGuard na nuna a kunne take. Amma sito ba ya ganin shago. A saba, wg show ya nuna gaisuwar ƙarshe da shago tun kafin wutar ta yanke. Na sa tcpdump, mai nuna duk saƙon da ke isowa, ya saurari ƙofa ta 51820, sai ga saƙonnin shago na isowa ɗaya bayan ɗaya, duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, saba kuwa ko uffan. Babu saƙon kuskure ko ɗaya. Da gangan aka gina WireGuard haka: wanda ba ta yarda da shi ba, ba ta ce masa a'a, shiru take yi, don mai laluben ƙofofi kada ya san akwai kowa a ciki. Abin alheri ne wajen tsaro, wajen gyara kuwa sai ka yi da gaske.

Makullai ba su canza ba, adireshi bai canza ba. Abin da ya tona asiri rasit ne. Wani manomi ya dawo da nasa yana cewa ranar da aka buga masa ba daidai ba ce. Na duba ƙasan allo, agogon kwamfuta ya koma baya da shekaru. Tsohuwar kwamfutar tebur ce ta hannu, ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu tuntuni, ba a sani ba saboda sola ba ta taɓa barin ta ta rasa wuta gaba ɗaya ba, ko da an kashe ta da dare tana jone. Jiya da wutar ta yanke ɗungurungum sai ta manta ranar da ake ciki.

Alaƙar agogo da VPN ita ce: duk saƙon buɗe gaisuwa na ɗauke da lokacin da aka aiko shi, a kulle a ciki. Saba na riƙe da lokaci mafi sabo da ta taɓa karɓa daga kowane makulli, kuma duk wanda ya zo da lokacin da bai wuce wannan ba, watsar da shi take. An yi haka ne don kada wani ya naɗi tsohuwar gaisuwa a hanya ya sake aiko ta daga baya. To a idon saba, shago ya zama mai maimaita tsohon saƙo. Ita kuma ba ta iya fara kiran shago, saboda dalilin da na rubuta ranar 8 ga Afrilu.

Na gyara agogo da hannu, kafin in ɗaga yatsa gaisuwa ta dawo. Yau na sayo batirin a wurin mai gyaran agogo, CR2032, ɗan faifan nan mai bolt 3. Tunda an buɗe cikin kwamfutar na hure ƙurar da ta toshe fankarta, wadda rabonta da iska tun hunturu. Na kuma shiga BIOS, saitin da ke jikin kwamfutar kanta, na sa ta riƙa tashi da kanta in wuta ta yanke ta dawo, na hana Windows yin barci. Rasitan jiya da suka fita da tsohuwar rana, yaron shago na bin su ɗaya-ɗaya yana gyarawa a manhaja.

Asabar, 10 ga Mayu

Matsalar wannan mako ba ta saiti ba ce. Manyan motoci da dare suke isowa, direba ba ya son ya yi rana a hanya a wannan zafi. Shago kuwa kafin Magariba an rufe, an kashe komai. Mai sito na tsaye da buhu ɗari-ɗari a gabansa, hanya a buɗe har Legas, amma ba kowa a ɗaya bakin.

Na ce a bar kwamfuta da rawuta a kunne su kwana, batirin sola zai ɗauke su. Kawu bai bari na kai aya ba.

"Injiniya, ka mance gobarar kasuwag ga? Ni in bar wuta kunne cikin shago in tai gida in yi kwana? Ko allura ba ni bari jone."

Gobarar Janairun 2021 yake nufi, wadda ta ci wani babban sashe na kasuwar nan. Duk wanda ya ga abin da ta bari ba zai yi masa gardama ba, kuma tun da ya ji labarin batirin agogo ya ce har jonin dare a daina, a riƙa zare komai.

Ta fuskar fasaha mafita na nan. Adireshin 10.20.0.2 makulli yake bi, ba wuri ba. Ana iya ɗaukar kwamfutar a kai ta gidan Kawu ko sito, a jona ta da kowace rawuta, ta gaisa da saba daga can, ba a taɓa ko layi ɗaya na saiti ba. Ana ma iya kwashe manhajar dungum a mayar da ita cikin sabar. Amma duk wanda aka yi, shago ya koma ba ya iya buga rasit sai da sabis. Nan ne ake ciniki, nan manoma ke yin layi ranar da ruwan farko ya sauka. Kuma mutanen jihar nan sun ga ranar da aka wayi gari ba sabis kwata-kwata: a Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar tsaro. Ɗan kasuwan da ya ga haka ba ya sa duk lissafinsa inda hannunsa ba ya kai.

Shawarar Kawu ce ta tsaya, kuma ina ganin ita ce daidai. Manhaja na nan a shago. Kayan dare a rubuta su a littafi, da safe ana buɗe shago mai sito ya shigar da su da kansa kafin a fara sayarwa. An kuma sa wa yaron shago doka: kunna kwamfuta kafin shara.

Litinin, 19 ga Mayu

Makon nan na matse abubuwa. A saba, dokar da ke barin komai ya ratsa tsakanin kwamfutocin na mayar da ita ƙarama: daga sito zuwa shago, ƙofa ta 80, sai ping. Ko ƙwayar cuta ta shiga laftof ɗin sito, ba ta samun hanyar zuwa manyan fayilolin shago. Mai sito da yaron shago duk na mayar da su asusun Windows marar ikon shugaba. WireGuard na tashi da kanta tare da kwamfuta, amma su ba sa ganin tagarta, balle su kashe ta ko su kwafi makulli. Na kuma rubuta a takarda abin da za a yi in an sace laftof: a shiga saba a goge makullinta na fili, layi ɗaya ne, daga nan ta zama ba kowa ba. Takardar da filash mai kwafin saitin saba suna cikin akwatin ƙarfen Kawu, ba a shago ba.

Kawu ya ga abin ya zauna, yanzu yana so a sa masa a waya ya riƙa duba kaya daga gida. Abu ne mai sauƙi, sabon makulli da lamba 10.20.0.4, manhajar waya na karɓar saiti ta lambar QR. Amma na ce sai an fara sa wa wayar makullin allo, domin jikoki ne ke wasa da ita bayan Isha'i.

Abubuwa uku ke jira. Manhajar har yanzu a buɗe take ratsa cikin sabar, sai na zauna da matashin da ya rubuta ta mu sa mata HTTPS, kullen da ke tsakanin burauza da manhaja, don ko sabar ba za ta ga komai ba. Na biyu, lissafin shekaru na kwance a faifai ɗaya cikin tsohuwar kwamfuta, kuma VPN ba ta ajiye kwafin komai. Ina so kullum kafin a rufe shago a fitar da kwafin rumbun bayanan da mysqldump a tura sito ta cikin hanyar, wanda ke nufin ƙara doka ɗaya a saba. Na uku, Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina sabunta Windows 10, kuma kwamfutar shago ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kawu ya ce batun sabuwar kwamfuta sai bayan Babbar Sallah, in an ga yadda cinikin taki ya kaya. Kwafin lissafi ba zai jira wannan ba, ranar Asabar zan fara shi.